Takun Auta a Hannuna

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yanzu na saurari abin da wayata ta ɗauka ranar Litinin. Ba ruwa ne ya kayar da Tela ba. Ni ce.

Ina zaune a bakin gado, ban ko cire rigar aiki ba. Gobe ne ranar da muke miƙa wa Malama sautin duk zaman da muka yi da marasa lafiya a mako, shi ya sa na buɗe in tabbatar ya ɗauku. Da farko komai daidai. Ana jin muryata ina cewa, "Baba, mu ƙirga," ana jin sa yana jan ƙafar hagu yana dafe da ƙarfen bango. Taku hamsin da shida a minti ɗaya. Haka aka koya mana a horon jinya da kiɗa. A fara ƙirga takun mutum, a kaɗa masa nasa har ya ji gangar ce ke bin sa, sannan a ƙara kaɗan kaɗan, ƙafar ta biyo.

Minti biyu ina kaɗa masa nasa. Sai aka ji ƙofar ƙarshen baranda ta buɗe, wata ta wuce da takalmi mai ƙara. Daga nan hannuna ya sauya. Biyu da sauri, na uku da ɗan ja. Biyu da sauri, na uku da ɗan ja. Takun 'yata Auta ne, in ta hawo matakalar gidan nan daga aiki da jaka a kafaɗa ɗaya.

Ana jin Tela yana cewa, "Mai Ganga, a hankali." Sau biyu ya faɗa. Bakinsa ya karkace tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, amma maganar ta fito sarai. Wallahi ban ji ba. Sai ƙarar faɗuwa, sai gangar ta mirgina.

Ni kaɗai ce tare da shi, an kira Malama ofis. Da Babbar Nas ta zo a guje ta tambaye ni, "Daɓen nan a jiƙe yake?" Na ce, "An dai goge." An goge ɗin, amma awa guda kafin mu fara, kuma na durƙusa a wajen, zanena bai jiƙe ba. A lokacin ni ma ban san abin da ya kayar da shi ba, bakina ne ya kama abin da ya fi kusa. Ranar Talata aka dakatar da Rediyo daga aiki, don ita ta goge kuma ba ta ajiye allon gargaɗi ba. Rediyo muke ce mata saboda bakinta ba ya hutawa. Shekara tara muna shara tare kafin a ɗauke ni horon nan.

Ƙashin ƙugun Tela ya karye. Jiya aka yi masa aiki.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na ba Malama na Talata da na Laraba. Ta ce ina na Litinin. Na ce wayar tana ba ni wahala, bai buɗe ba. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ki kawo ta a duba. Kwamiti zai zauna ranar ashirin, kuma ni ma ina cikin waɗanda za a tambaya."

Da safe ta sake yi mana maganarta ta kullum. Wai ba ƙafa muke jinya ba, mai ƙafar muke jinya, shi kuwa ya zo da gidansa da tsoronsa da barcin da bai samu ba. Sai ta nuna mu da biro ta ce, "Ku ma ba a bakin ƙofa kuke ajiye naku ba." Shi ya sa kafin mu taɓa ganga sai kowa ya riƙe wuyan hannunsa ya ƙirga bugun zuciyarsa, ya rubuta a littafi, ya rubuta awa nawa ya yi barci. In ya hau, ranar ba za ka kaɗa wa kowa ba, sai dai ka zauna ka kalla.

Na rubuta saba'in da biyu. Barci awa bakwai. Ban ƙirga ba. Rabon da in ƙirga tun watan da na dawo.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Ban goge shi ba. Ban kai ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Rediyo ta zo. Tun daga ƙasa na ji ta tana faɗa da mai gyaran takalmin bakin ƙofa, wai ya tare hanya da bencinsa. Ta shigo ta zube a kujera ta ce, "Likita, ba ni ruwa, ko sai na nuna kati?"

Na ce ta daina ce mini Likita.

Ta ce, "To Farfesa. Ke, kin san wannan allon ƙafarsa ɗaya ta karye tun bara? Sau nawa na faɗa? In na jingina shi ya faɗi, in ya faɗi a ce na yar da kayan aiki. Yanzu kuma shi ne ya fi ni daraja." Ta yi dariya, amma tana ta murza bakin mayafinta. Yara uku gare ta, kuma uban ya daɗe da tafiya.

Ta ce ta san wadda ta kai ta gaba. Ƙaramar nas ɗin nan mai takalmi mai ƙara, ita ce ta wuce lokacin, ita ce za ta ce an goge. "Yarinyar da ba ta iya gaisuwa ba. In na koma sai na matse tsumma a jakarta."

Na tashi na ƙara mata ruwa, kofin ma bai ƙare ba.

Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce kika durƙusa a wajen. Ki dai faɗa musu a bushe yake. Shi kenan abin da nake roƙo." Na ce to.

In na ce a bushe yake, za su ce to me ya kayar da shi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Saba'in da biyu. Awa bakwai.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na kunna wa Yaya. Tun da muka rasa Auta take kwana a nan, wata biyar kenan, ta bar nata gidan. Tana yankan albasa na ajiye wayar kusa da ita. Da aka zo wajen, wuƙar ta tsaya. Ban gaya mata takun wa ne ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta juya mini baya ta daɗe tana wanke hannu.

Can ta ce, "Goge shi."

Na ce, "Yaya, Rediyo fa?"

"Rediyo za a yi mata faɗa a maido ta. Wa ke korar mai shara a kan allo? Ke kuwa saura sati uku ki karɓi takardar shaidarki. Tsohon nan ƙafarsa da ma ba ta da ƙarfi, ko ba ki kaɗa ba zai iya faɗuwa."

Na ce ya ce a hankali, sau biyu.

Ta ce, "Wa ya cika miki fom ɗin nan? A kan wannan teburin ba? 'Yarki ce ta zauna tana tambayarki kina amsawa, tana yi miki dariya don kin ce makarantarki ta ƙarshe firamare ce kuma ko ita da ƙyar. Ita ta kai shi da ƙafarta. Me ya rage miki nata in ban da wannan? Kayan da ba kya iya buɗewa?"

Gaskiya ne. Auta ce ta ji labarin Malama ta tsayar da ni a ɗakin tsofaffi, don ta ji ina shara ina rera wa wata mai haki a hankali, daidai numfashinta, har matar ta yi barci. Ni kunya na ji na ɗauka faɗa za a yi mini. Auta ta ce, "Umma, abin da kike yi a banza wasu karatunsa suke yi." Ta ce ranar karɓar takarda ita za ta ɗaura mini ɗankwali, don ni nakan ɗaura kamar mai ciwon kai.

Albasar ta ƙone. Mun ci a haka.

Laraba, 12 ga wata, da rana

Na ɗora yatsa a kan wajen gogewa. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na kife ta.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je duba Tela. An mai da shi ɗakin masu karaya, gado na huɗu daga taga. 'Yarsa na zaune tana ba shi shayi da cokali. Ta tarbe ni da murna har ta ba ni kujerarta. Ta ce Baba kullum sai ya yi maganata, sati shida da gangar nan ya yi abin da wata uku ba su yi ba, har ya fara cewa zai koma shago. "Sai ga wata mai shara can ba ta iya aikinta ba. Allah ya isa."

Ta fita wanke kofi.

Ya rame. Hannunsa mai lafiya yana kan ƙarfen gado. Ya daɗe yana kallona, sai ya fara bugawa da zobensa. Biyu da sauri, na uku da ɗan ja. Bai ɓata ko ɗaya ba.

Ya ce, "Mai Ganga."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Shekara arba'in ƙafar nan tana taka keken ɗinki. Ba ta san musu ba. Abin da aka kaɗa shi take bi." Ya huta, maganar tana yi masa nauyi. "Wannan ba nawa ba ne. Wa ke tafiya haka?"

Na ce, "'Yata ce, Baba."

"Budurwa?"

"Shekara ashirin da biyu."

Ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke motsi. Ya ce, "Ki ce mata ta rage sauri. Akwai tsofaffi a hanya."

Na ce to, zan faɗa mata.

Na tambaye shi ko ya gaya wa wani. Ya ce ba wanda ya tambaye shi. Kowa sai ya zo ya tambayi 'yarsa, shi yana kwance kamar buhu. Sai ta dawo, na tashi. Ban san yadda na sauko matakala ba.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Malama ta sake tambayar wayar. Na ce na manta ta a gida. Tana aljihuna, tana da zafi a cinyata.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Wanki na yi duk ranar, har abin da bai yi datti ba. Ledar kayan Auta da suka ba ni ranar tana nan a bayan ƙofa. Na matsar da ita na share ƙarƙashinta na mai da ita. Takalma ne a ciki, na sani, ana jin su ta waje. Ba zan rubuta wannan ba.

Mutane suna ta hawa matakala. Maƙwabcin sama mai tari, matar ƙasa da bokitinta, yaran ɗaki na biyu. Kowa na san nasa. Ƙarfe huɗu da rabi in ta yi, lokacin dawowar Auta daga aiki, sai in ga na tsaya da abin da ke hannuna.

Ƙarfe huɗu da rabi ne ranar Litinin ɗin ma. Yanzu na duba a wayar.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

An ba ni wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, in zauna da ita mu yi ta bugun tafi a hankali. Na zauna. Ta miƙo hannuwanta tana jira. Na kasa ɗaga nawa. Ina tsoron abin da zai fito. Ita ce ta kama su ta haɗa mini su tana cewa, "Haka ake yi, 'yar nan." Wani ɗalibi ya karɓe ni, na ce kaina ke ciwo.

Rediyo ta kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Mai gashin ƙashi ya ce Tela ya ƙi yarda a tsai da shi. Da zarar ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Saura kwana biyu. Yaya ta daina yi mini maganar. Ta goge mini farar rigata ta rataye, ta ce ta ranar karɓar takarda ce, kada in taɓa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai.

Ban shirya ba. Na zo rubuta saba'in da biyu ne, sai na ga layin lambobin daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi, duk iri ɗaya kamar an buga da inji. Na riƙe wuyan hannuna na kalli agogon bango. Ɗari da huɗu.

Malama tana ɗakin kayan kiɗa tana ɗaure fatar wata ganga. Na rufe ƙofa na kunna na ajiye a kan teburi. Ba ta zauna ba. Da hannuna ya sauya a cikin sautin, na ga yatsanta yana ƙirgawa a gefen teburi. Da Tela ya ce a hankali, ta rufe ido. Ta bari har ƙarshe, har inda aka ji ni ina cewa an dai goge. Ban san wayar ta ɗauki wannan ba, ni kullum a wajen faɗuwar nake kashewa.

Ta ce, "Taku casa'in da takwas a minti. Na wa ne?"

Na faɗa mata.

Ta cire tabarau. Ta ce, "Kin ce mini ƙanwarki ce ba ta da lafiya, shi ya sa kika yi sati biyu ba ki zo ba."

Na ce na ji tsoron kada a ce in tsaya in huta. In na tsaya a gida, matakala zan yi ta saurare.

Sai ta ce, "Wata biyar ina sa hannu a ƙarƙashin saba'in da biyu. Ba mai rai da zuciyarsa ke tsayawa wuri ɗaya haka. Na gani, na ce ke babba ce, za ki faɗa in kin shirya. Kuma na bar ki ke kaɗai da mutumin da ba a barin ɗaliba da shi." Ta miƙo mini wayar. "Gobe tare za mu shiga. Ba zan ce miki za a bar ki ki gama ba, don ba na tsammani."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ya sunanta?" Na faɗa. Rabon da in faɗe shi da ƙarfi tun ranar. Ta maimaita shi daidai, sannan ta ci gaba da ɗaure gangar, ni kuma na riƙe mata bakin igiyar.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mutum biyar a dogon teburi. An kunna sau biyu. Wani mai ƙiba ya ce bai gane ba, ganga ce kawai, mutum ai yana da hankalin tsayawa. Malama ta ce ya tashi ya yi tafiya a ɗakin, ta buga masa teburi. Ya bi ta har ya kusa karo da ƙofa. Ba wanda ya yi dariya.

Babbar Nas ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

An cire ni daga 'yan wannan shekara. In na so in dawo baɗi sai na fara zangon ƙarshe daga farko, kuma sai na yi wata shida ina zama da mai ba da shawara duk mako. Malama an ba ta takardar gargaɗi. Rediyo za ta dawo Litinin. Ba a shigo da ita ba ma, an ce ta koma gida za a kira ta.

Na gaya wa Yaya. Ta sauke farar rigar ta ninke. Can ta ce, "Kin ci abinci?"

Asabar, 22 ga wata, da rana

Babbar Nas ta yi wa 'yar Tela bayani. Na je, ta tare ƙofar ɗakin. Ta ce, "Kujerata na ba ki." Ta ce kada ta sake ganina kusa da gadonsa. Na hango ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo. Har yau bai tsaya ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na koma shara. An ba ni ɓangaren yara, ita Rediyo nata na da. Rigata ta shara ta yi mini yawa.

Ta same ni a ɗakin bokitai ta rungume ni har tsintsiya ta faɗi. Abin da ta ji shi ne na shiga gaban kwamiti na ce a bushe yake, na ɗauki laifin a kaina, har aka hana ni takarda. Tana ta ba kowa labari. Ta gaya wa masu wanki, ta gaya wa mai gadi. "Kun ga wannan? Farfesa ce, ta sauko daga sama don ni." An ba ta sabon allo, ta ce za ta sa masa sunana.

Na ce, "Rediyo, ki saurara."

Ta ce, "Ke dai yi shiru. In na fara kuka a nan sai an sake goge daɓen."

Muna fitowa ƙaramar nas ta zo wucewa, ta ce, "Sannu da dawowa, Inna." Rediyo ta ɗauke kai, ta yi tsaki, ta tura bokiti har ruwa ya fantsama a takalmin yarinyar. Yarinyar ta tsaya tana kallon ƙafafunta. Ba ta san me ta yi ba. Ba ta yi komai ba, wucewa kawai ta yi ranar.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe shida na safe

Gobe ne zamana na farko da mai ba da shawara. Yaya ta ce za ta raka ni har ƙofa.

Rediyo ta aiko saƙo wai in zo gidanta Lahadi, yaranta suna so su gaishe ni. Har yanzu ba ta san bakin wa maganar nan ta fito ba. Ban gaya mata ba.